BABA, KA SAYA MINI BINDIGA

Wannan magana ba a saba jinta a gidajenmu ba. A da, idan yarinya za ta bar gidan ubanta, abin da ake tanadar mata tabarma ne da ƙorai da tukunya, sai nasihar uwa. Bindiga kuwa kayan maharba ce da sojan gwamnati. Amma yau akwai gidajen masu bi a ƙasar Tasawa da Mayahi inda ɗiya ta girma, ta gama karatu, aka tura ta wani ƙauye ta koyar da yara ko ta yi aiki a ɗakin shan magani, ko kuwa tana kai tabarmin kaba kasuwa-kasuwa, sai ta dubi ubanta ta ce, "Baba, tsoro nake ji. Ka saya mini ƙaramar bindiga in riƙa sawa cikin jaka." Wani lokaci ma uban ne yake fara wannan tunani, shi kaɗai, da dare. To, me mai bin Yesu zai amsa?

Kada a yi mata tsawa, kada kuma a ce rashin bangaskiya ne. Tsoronta yana da tushe. Tun shekarar 2019 dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako iyaka zuwa jihar Maraɗi suna gudun 'yan bindiga, har aka zaunar da waɗansu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Yawancinsu mata ne da yara. Abin da suka gudo wa bai tsaya a ƙetare ba. Mutanen Madarunfa da Gidan Rumji sun san satar shanu da dare, sun san a ɗauki mutum a kai shi daji a nemi kuɗin fansa. A watan Fabrairu na 2021 an kwashe 'yan mata 279 daga makarantarsu ta kwana a Jangebe, cikin Zamfara, a dare ɗaya. Mu nan, godiya ga Allah, abin da sauƙi in an gwada da can. Amma labari yana shigowa cikin salula kowace rana, wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta kuwa ba a hana shi neman ruwa.

Uba ba ya naɗe hannu

Akwai 'yan'uwa da sukan ce, "Mu dai addu'a ce makaminmu," sa'an nan su juya su kwanta. Addu'a gaskiya ce. Amma Maganar Allah ba ta ba uba izinin naɗe hannu ba. Manzo Bulus ya rubuta wa Timoti magana mai zafi a kan mutumin da ba ya kula da mutanen gidansa, har ya sa shi a bayan marar bi (1 Timoti 5:8). Kulawar nan ta haɗa da tuwo da sutura, ta haɗa kuma da barcin da ɗiyarka take yi ko take kasa yi a ƙauyen da aka tura ta.

Dubi bayin Allah biyu da suka taso daga gabas zuwa Urushalima. Ezra ya ji kunyar roƙon sarki ya haɗa shi da sojoji, gama ya riga ya faɗa wa sarki Allah yana kiyaye masu nemansa. Sai ya tara jama'a a bakin kogin Ahawa, suka yi azumi, suka kama hanya da azurfa da zinariya, suka isa lafiya (Ezra 8). Bayan shekara 13 Nehemiya ya tafi tare da sojoji da mahaya dawakai da sarki ya ba shi. Da maƙiya suka taso masa, ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana (Nehemiya 4). Littafi Mai Tsarki bai tsauta wa ko ɗayansu ba. Amma ka lura da yadda Nehemiya ya yi. Shi mai mulki ne, da takardar sarki a hannunsa. Maza ya jera iyali-iyali a bayan garu, mai busa ƙaho yana kusa da shi, ya ce su tsaya saboda 'ya'yansu da matansu. Bai miƙa wa wata budurwa takobi ya ce ta je ta ji da kanta ba.

Bulus ma, sa'ad da mutum fiye da 40 suka yi rantsuwa za su kashe shi, bai sa a shigo masa da wuƙa ba. Ya aiki ɗan 'yar'uwarsa wurin shugaban soja, aka fitar da shi da dare da rakiyar soja 470 (Ayyukan Manzanni 23). Neman tsaro dai ba zunubi ba ne. Abin tambaya shi ne, ƙaramar bindiga cikin jakar ɗiyarka tsaro ce?

Mu yi lissafi

Ni karatuna bai wuce makarantar mishan ba, amma lissafin nan ba ya bukatar babban malami. Libarba harsashi 6 take ci. Kalashin da 'yan bindiga ke riƙewa tana cin 30 kafin a sake mata. Ba su zuwa ɗaya-ɗaya, a kan babura suke zuwa, biyu-biyu, uku-uku, cikin duhu. A watan Nuwamba na 2021, a ƙasar Banibangu cikin jihar Tilaberi, mazaje da suka haɗa ƙungiyar tsaron kai suka fita da makamansu neman masu kai musu hari, aka kashe musu mutum 69, har da magajin garin. Waɗannan maza ne, sun san dajinsu, suna tare. Ina yarinya ɗaya a ɗakin haya? Ga shi kuma bindiga ita ce dukiyar ɓarawon daji. Gidan da aka ji tana ciki ya ƙara wa kansa baƙi, a ƙauye kuwa ba abin da ke ɓoyuwa.

In faɗi gaskiya, ba taron 'yan bindiga ɗiyarka ta fi tsoro ba, ko da kunya ta hana ta gaya maka. Mutum ɗaya take tsoro. Wanda yake tsayawa a hanyar kasuwa inda hatsi ya rufe mutum. Ɗan kabu-kabun da ya saki hanya ya karkata daji. Wanda yake ƙwanƙwasa mata ƙofa bayan gari ya yi shiru. A nan kam bindiga tana iya yin aiki, ba zan yi musu ba. Ba kuma zan kira yarinyar da ta kāre mutuncinta mai kisankai ba. Shari'ar Musa kanta ta bambanta ɓarawon da aka buge cikin duhu da wanda aka kashe bayan rana ta fito: na farko ba alhakin jini, na biyu akwai (Fitowa 22:2-3).

Amma ka tsaya ka ga abin da ake bukata kafin ta yi wannan aiki. Dole bindigar ta zauna da harsashi a ciki, kusa da hannu, dare da rana. Wato ƙarƙashin matashi, a ɗakin da ƙannenta da 'yan makarantarta ke shiga su share, su ɗebo mata ruwa. Dole kuma ta harba tun mutumin bai iso inda hannunsa zai kai gare ta ba, wato tun ba ta tabbatar da wane ne ba. Mai ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare, mugu ne, ko maƙwabci ne da matarsa ke naƙuda ya zo neman taimako? In ta yi jinkiri kaɗan, kuma yarinyar da aka goya da tsoron Allah za ta yi jinkiri, ƙato ya murɗe mata hannu, abin da ta riƙe ya zama nasa. Soja wata da watanni yake yi yana koyon harbi a gaban malaminsa. Ita ina za ta koya, da bindigar da ba ta da takarda, wadda ko ƙararta ba ta so a ji?

Akwai ƙasar da ta daɗe tana gwada wannan abu. A Amurka doka ta yarda, uba yakan kai ɗiyarsa kanti su zaɓi bindiga kamar yadda mu muke zaɓen keken ɗinki. A shekarar 2021 mutum 48,830 suka mutu ta bakin bindiga a can. A cikinsu 26,328, fiye da rabi ke nan, su suka harbe kansu. Tun 1993 likitocinsu suka yi bincike suka ga gidan da aka ajiye bindiga ya fi gidan da babu haɗarin kisa wajen ninki uku, mai kisan kuwa galibi ɗan gida ne ko wanda aka saba da shi. Bindiga ba ta san dalilin da ya sa aka saye ta ba. An saye ta saboda dare ɗaya da watakila ba zai zo ba, amma tana nan a sauran dararen duka, daren baƙin ciki da daren faɗa.

Ɗiyarka za ta yi aure. Bindigar za ta bi kayan ɗaki zuwa gidan mijin da ba ka gama sanin zuciyarsa ba. Kafin nan ma za ta zo hutu gida, wanta ya gani, lokacin kaka ya yi, shanu suka saki burtali suka faɗa gonar wake. Mu mutanen Gulbin Kaba mun san zafin wannan rana. Manya ba su manta Toda ba, a jihar nan tamu, ran 30 ga Oktoba 1991, inda rigimar manoma da makiyaya ta ƙare da kisan Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Ba baƙi suka zo daga nesa suka yi ba. Fushi ne ya yi. Ka ƙara wa irin wannan fushi libarba a kowane ɗaki, ka gaya mini abin da zai rage.

Wa aka ba takobi?

Bulus ya koya wa Romawa abu biyu a jere. Ramuwa ta Allah ce, mai bi ba ya ɗaukar wa kansa (sura 12). Takobin hukunta mugu kuwa a hannun mahukunta Allah ya sa shi (sura 13). A ƙasarmu ta Nijar ba a riƙe bindiga sai da izinin hukuma, wanda aka kama da ita ba takarda kuwa gidan kaso ne. Mu faɗa wa juna gaskiya: bindigar da talaka zai samu a ƙauye, ta hannun ɗan fasa-ƙwauri za ta zo. Tun da ƙasar Libiya ta wargaje a 2011 makamai suke gangarowa ta hamada, kuma mai sayar maka shi ne mai sayar wa wanda kake tsoro. Akuyar da ka sayar ta zama jarinsa. Ranar da jandarma suka tsayar da mota suka buɗe jaka, ba kai za a saukar ba, ɗiyarka ce, da aikinta da sunanta.

Maƙwabtanmu sun bi wannan hanya a gabanmu. 'Yan sa-kai sun tashi a Zamfara don tsaron garuruwansu, waɗansunsu suka shiga kashe Fulani a kasuwanni ba shari'a, daji ya rama, gari ya sake ramawa. A watan Yuni na 2022 gwamnatin jihar ta ce mutane su nemi izinin riƙe bindiga su kāre kansu. Kisan bai tsaya ba. Mu kuwa ƙasarmu ta taɓa zaɓen wata hanya: a Agadas, ran 25 ga Satumba 2000, bayan tawaye, aka tara bindigogi aka cinna musu wuta a gaban jama'a.

Wani mai karatun Littafi zai ce, ai Ubangiji da kansa ya ce wa almajirai su sayi takobi (Luka 22:36). Haka ne. Amma ka ci gaba da karatu, kada ka tsaya a aya ɗaya. Takobi biyu suka nuna masa, ga taron mutum goma sha, ya ce ya isa. A daren nan kuma Bitrus ya zare ɗaya a Gatsemani ya datse kunnen Malkus, bawan babban firist. Ƙauna ce ta sa shi, yana kāre marar laifi, ba a taɓa samun dalilin zare takobi da ya fi nasa ba. Duk da haka Yesu ya tsayar da shi, ya taɓa kunnen ya warkar, ya gargaɗe shi cewa takobi yakan komo kan mai zare shi (Matiyu 26:52, Luka 22:51, Yahaya 18:10). Mu mutanen Tasawa muna da shaidar wannan a bakin hanyarmu. A 1899 hafsoshin Faransa biyu, Vule da Shanwan, suka taso da bindigogi suna ƙone garuruwa, suka yi ɓarna mai yawa a Birnin Ƙonni, ba mai iya tsayar da su. A watan Yuli suka harbe Kanar Kulob, ɗan ƙasarsu da aka aiko ya hana su, a Dankori. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu bakin bindigogin da su suka raba musu. Kaburburan suna Maijirgi, a hanyar Damagaram.

Nauyin jini

Akwai wani nauyi da mai sayar da bindiga ba ya faɗa maka. Karanta 1 Sama'ila 25. Nabal mai tumaki 3,000 ne da awaki 1,000. Mutanen Dawuda sun tsare masa makiyaya a jeji, ranar sausaya suka nemi ɗan abin sa wa baki, ya kore su da zagi. Dawuda ya sa mutum 400 suka rataya takuba, ya rantse kafin gari ya waye ba namijin da zai rage a gidan. Wa ya tsayar da su? Mace ɗaya, Abigel, a kan jaki, da gurasa 200 da tumaki 5 gyararru da sauran kayan ci. Ta tarye shi a hanya, ta yi masa magana da ladabi da hikima, ta tuna masa ranar da zai hau sarauta, kada ya hau da jinin da bai kamata ba yana cin zuciyarsa. Dawuda ya gode wa Allah da ya aiko ta. Kuma Dawudan nan, ko da yake yaƙe-yaƙensa na Isra'ila ne, Allah ya hana shi gina Haikali saboda yawan jinin da ya zubar (1 Tarihi 22:8).

In jarumi kamar Dawuda ya ji wannan nauyi, ka tuna da yarinya 'yar shekara ashirin da 'yan kai. Ko da alƙali ya sallame ta, za ta ga fuskar mutumin nan a mafarki. Danginsa suna nan, ba su manta hanyar gidanku ba. Uban da ya sa mata bindiga a jaka ya sauke kayan da yake nasa ne, da na 'yan'uwanta maza, da na gari, da na hukuma, ya aza su duka a kan yatsanta ɗaya, shi kuwa ya koma ya yi barci yana cewa ya yi abin da zai iya. Abin da ya fi damuna a wannan magana ke nan.

To, idan hukuma tana nesa fa? Na sani. Daga ƙauyen da ke bayan Urafan ko Kanambakashe, kafin jandarma su iso an gama abin da za a yi. Amma dubi abin da Shari'a ta ce a kan budurwar da aka kama a saura (Maimaitawar Shari'a 22:25-27). Ta wanke yarinyar sarai, ta ɗora laifin duka a kan namijin. Dalilin da ta bayar shi ne yarinyar ta yi kururuwa, ba a sami mai ceto ba. Ba a tambaye ta ina makaminta ba. Abin da aka rasa a saurar nan mai jin kuka ne ya sheƙo.

Aikinmu ke nan, kuma ya fi sayen bindiga wuya, gama ba a gama shi rana ɗaya. Ka bar gonarka ka raka ta ƙauyen da aka tura ta, kai da wani dattijon ikkilisiya. Ku gai da maigari, ku gai da liman, ku je har ruga ku gai da arɗo, ka ce, "Ga ɗiyata, amana ce na kawo muku." Ka nema mata ɗaki cikin gidan iyali masu mutunci, masu bi ne ko Musulmi, ba a ɗakin bayan makaranta ita kaɗai ba. Kada ka raina wannan. A watan Janairu na 2015, sa'ad da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, akwai masu bi da maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su. Kuɗin da ka so ka kai wa ɗan fasa-ƙwauri ya isa ƙofar ƙarfe da kwaɗo mai kyau, da tocila, da usur, da salula mai kuɗi a ciki da lambar maigari da ta jandarma. Tafiya kuma da rana, ranar kasuwa, cikin mutane, da ɗan kabu-kabun da aka san gidan ubansa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In kuwa ta ce maka, "Baba, wane yana damuna," ka gaskata ta tun daga farko. Kada ka tambaye ta me ta sa, kada ka ce ta rufa asiri don kunyar gida. Yawancin mugayen nan shirunmu suke dogara da shi. Idan wurin ya gagara, ta baro shi. Yusufu ya ɗauki Maryamu da Yaron da dare zuwa Masar, Bulus kuwa cikin kwando aka zurara shi ta bayan garun Dimashƙu. Albashi ba ya sayen rai.

Ba zan yi maka alkawari cewa in ka yi waɗannan duka ba abin da zai same ta ba. Ƙofar ƙarfe ba ta da wannan iko, bindiga ma ba ta da shi. Yesu ya faɗa wa Bitrus a gonar nan zai iya roƙon Uba rundunonin mala'iku fiye da goma sha biyu, bai kuwa roƙa ba. Ya sha ƙoƙon saboda mu, ya mutu, ya tashi. Ɗiyar da ta ba da gaskiya gare shi tana da abin da mai kalashi ba zai iya ƙwacewa ba. Ku yi wannan magana da ita a fili, ku durƙusa tare da uwarta ku yi addu'a, sa'an nan ka tashi ka je ka ga maigarin.

Ka tuna kuma ta girma. Ka zauna da ita ka ji ta bakinta har ƙarshe kafin ka faɗi naka. Mai yiwuwa ne ka tarar Allah ya ba ta zuciyar tsaron mutane. In haka ne, akwai ƙofa a buɗe: jandarma da 'yan sanda da soja suna ɗaukar mata. A can za a koya mata makami, a koya mata lokacin da ba a harbi, ta riƙe shi a ƙarƙashin doka da shugaba. Yahaya Maibaftisma bai ce wa sojojin da suka zo wurinsa su tuɓe kayansu ba. Ƙwace da ƙazafi ya hana su (Luka 3:14).

Idan kuwa ka riga ka saya, tana nan cikin rumbu ko ƙarƙashin gado, kada ka sayar wa wani, gama ba ka san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa gobe ba. Kada ka jefa ta rijiya, kada ka binne inda yara ke tono. Tun 1994 gwamnati ta kafa hukumar tattara makaman da ba su da izini. Ka kira fasto ko dattijo ɗaya, ku je wurin maigari ko sarkin yankinku, shi ya shige muku gaba zuwa ga mahukunta. Kafin ranar, ka ajiye harsashin dabam da bindigar, a wurin da ke da kwaɗo, makullin kuwa ya zauna a aljihunka.